Yadda zaka gane lafiyar sandar sinuka daga ƙararta da abinda hannunka yake ji

'Yan uwa masu buga sinuka, duk wanda ya daɗe a bakin tebur ya san sanda biyu zasu iya zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, fenti ma iri ɗaya, amma kana buga farar ƙwallo da ta farko kaji "ƙwal" guda ɗaya cikakkiya, ta biyun kuma kaji wani "cas" sannan wani ɗan zirr ya biyo tafin hannunka har gwiwar hannu. Yawancinmu sai dai muce wannan sandar bata da kyau, mu jinginar da ita mu ɗauki wata. Toh amma ƙarar nan bayani take maka, tana nuna maka daidai inda ciwon yake, kuma sau da yawa gyaran na kuɗi kaɗan ne, wani ma ko sisi ba zaka kashe ba. Ga yadda ake bi.

Kafin komai ka fara sanin wace irin sanda ce a hannunka, don kar ka zargi sanda akan laifin da ba nata ba. Teburan da muke bugawa a unguwanni galibi na ful ne, ƙwallaye 15 da fara ɗaya, duk da sinuka muke ce musu. Ƙwallon ful irin na Amurka faɗinta milimita 57 ne da ɗan ɗoriya, nauyinta tsakanin giram 156 zuwa 170, sandarta kuma kanta yana da kauri, milimita 12 zuwa 13, ana yinta da katakon mapul mai haske wanda zanensa baya fitowa sosai. Ƙwallon sinuka na asali, irin wanda ake bugawa a Ingila, milimita 52.5 ce, sandarta siririn kai ne da ita wajen milimita 9 zuwa 10, katakon ash ne mai zane-zane kamar kan kibiya, da zoben tagulla a ƙarƙashin fatar kai, wato ɗan guntun fatar da ke kan sanda wanda yake taɓa ƙwallo. Idan ka ɗauki siririyar sandar nan ka daki ƙatuwar ƙwallon Amurka da ƙarfi dole zakaji ta yi rawa a hannu kuma ƙarar ta fito siririya, ba lalacewa tayi ba, an bata aikin da yafi ƙarfinta ne. Ka duba gindin sandar kuma, sandunan gidan wasa da yawa an rubuta musu 18, 19, 20 ko 21, nauyinta kenan a oza, 19 ɗin kusan giram 540 ne kuma ita mutane suka fi sabawa da ita.

Mataki na farko babu ƙwallo a ciki. Ka riƙe sandar a tsaye da yatsu biyu sakwa-sakwa, kanta yana sama, ka kawo kunnenka kusa, sai ka ɗan doki gefen gindinta da tudun tafin ɗaya hannun. Yadda ake ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa a ji ko ta tsage kafin a biya, haka zaka yi. Lafiyayyar sanda zata yi rawa ɗaya mai tsafta ta lafa nan take. Idan kaji wani abu yana kacar-kacar a ciki, ko wani ɗan "tik" ya biyo baya, akwai abinda ya kwance. Ka sake gwadawa ta hanyar sakin gindin a hankali robarsa ta taɓa ƙasa, daga tazarar yatsa biyu kawai, ba wai ka buga ta da siminti ba don Allah. Daga nan ka kwantar da ita akan tebur ka mirgina ta kana kallon kanta, idan kan yana tsalle sama da ƙasa ta lanƙwashe. Wannan ba ya canza ƙara sosai amma gara ka sani tun yanzu.

Na biyu, ka kawar da duk abinda zai ruɗe ka. Lokacin da janareta ke ruri, sifika na tashi, mutane na musun ƙwallo a bayanka, ba abinda zaka ji. Ka je da hantsi ko da rana tsaka lokacin da wurin yake shiru. Ka goge farar ƙwallon da ƙyalle, ka duba ko ta ɓantare, domin ƙwallo mai arha da ta sha faɗuwa akan siminti ita kanta tana da nata ƙarar marar daɗi. Masu kyau irinsu Aramith da kamfanin Saluc ke yi a Beljiyam ƙararsu daban ce da ta masu arha, don haka idan sanda biyu zaka gwada, ka gwada su da fara ɗaya akan tebur ɗaya.

Na uku shine gwajin kansa, kuma anan nake so ka nutsu. Ka kwashe sauran ƙwallaye gaba ɗaya, fara kaɗai zaka bari, saboda karon ƙwallo da ƙwallo yana da ƙara mai kaifi da take danne ta sanda, mutane da yawa abinda suke yabawa da sunan ƙarar sanda ashe ƙarar karon ce. Ka ajiye farar a tsakiyar faɗin tebur ta ɓangarenka, ka shafa alli, ka saita kan sanda a tsakiyar ƙwallon cif, ka buga da ƙarfi matsakaici ta tafi kushin (robar bakin tebur) na can ƙarshe ta dawo. Kar ka ɗaga sandar bayan ka buga, ka barta inda ta tsaya. Idan tsakiya ka samu farar zata dawo ta taɓa kan sandarka, idan ta karkace dama ko hagu toh gefe ka daka, kuma ƙarar da kaji a wannan bugun kar ka lissafa da ita. Hannun baya kuma ka sassauta shi, riƙon da zai hana sanda faɗuwa kawai ya isa. Ka maimaita kamar sau 10, na ƙarshe-ƙarshen ka saita sannan ka rufe ido ka buga. Wallahi da ido a rufe zakaji abubuwan da baka taɓa lura da su ba.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe a ranka anan. Masu ɗaukar bugun nan da kyamara mai saurin gaske, irinsu Dakta Dave Alciatore wanda ya koyar da injiniyanci a jami'ar jihar Kolorado a Amurka, sun nuna cewa haɗuwar fatar kai da ƙwallo wajen kashi ɗaya ne cikin 1000 na daƙiƙa, fata mai laushi ta ɗan ɗara haka kaɗan. Kenan kafin rawar sandar ta iso hannunka har kwanyarka ta gane, ƙwallo tuni ta kama hanyarta. Abinda kake ji labarin bugun ne bayan ya wuce. Shi yasa bana yarda da masu cewa suna murɗa hannu a daidai lokacin haɗuwa don su ƙara wa ƙwallo juyi, babu wannan lokacin. Amma labarin yana da amfani ƙwarai, da shi hannu yake koyon ƙarfin da zai saka, kuma da shi kake gane sanda ta samu matsala.

Toh yanzu me kaji?

Idan "ƙwal" ɗaya ce cikakkiya, hannunka ya ji ɗan tura gajere babu abinda ya biyo baya, sandarka lafiya lau, ka barta haka nan kar ka taɓa komai. Idan "ƙas" ce busasshiya mai kaifi kuma ka lura alli baya zama a kai, fatar ta daskare tayi santsi, ko kuma ta cinye ta kusa kaiwa zobe. Idan "dif" ce, kamar bugun ya nutse, ƙwallon bata tafiya yadda ka zata, fatar tayi laushi da yawa ko ta baje gefenta ya fito ya wuce zobe. Idan ƙara biyu kaji a jere, ta asali da wata 'yar siririya "tik", ka zargi zobe ko gam ɗin da ke riƙe da fata, akwai inda iska ta shiga tsakani. Idan kuma zirr ne yake bin katakon har hannu, daga ɓangaren gindi matsalar take, mahaɗar da ke haɗa sanda biyu-haɗe ko ƙusar nauyi da ke cikin gindi, ko kuma Allah ya kiyaye katakon ya tsage. Ita kuwa "ƙyas" kowa ya santa, zamewa ce, sanda ta goge gefen ƙwallo ta wuce.

Na huɗu ka gwada gefe. Ka ɗauki ƙwallo mai ratsi ka mayar da ita kamar fara, ka kwantar da ratsin a kwance yana kallonka. Iyakar inda fata mai alli zata iya kama ƙwallo ba tare da ta zame ba shine rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwallo da bakinta, wajen milimita 14 kenan a ƙwallon Amurka, kuma bakin ratsin nan kusan daidai wurin yake. Ka fara daga tsakiya kana sauka ƙasa kaɗan kaɗan, kowane bugu da sabon alli, bayan kowane bugu ka ɗauki ƙwallon ka duba tabon allin don kaga ainihin inda ka taɓa. Zakaji ƙarar tana siririncewa yayin da kake nisa da tsakiya, wannan daidai ne. Amma idan tun kana cikin ratsi sosai ta fara ƙyas, fatar ce bata riƙe alli.

Mu zo kan fatar, domin a ganina mafi yawan abinda ake kira daɗin bugu a wannan ɗan guntun yake, ba a fentin gindi ko sunan kamfani ba. Da can ma sanda katako ce tsirara, wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud ne ake danganta wa saka fata mai zagaye a kai a farkon ƙarni na 19, daga nan ne aka samu damar ja da ƙwallo baya da juya ta. Ka kalli fatarka daga gefe. Ya kamata samanta yayi ɗan tudu mai zagaye, ba shafaffe ba kuma ba tsini ba, gefenta kuma ya miƙe daidai da zobe. Idan santsi ne kawai damuwarta, ka samu sanfefa mai ɗan kaushi ka dinga dannawa kana juya sandar a hankali har fuskar ta ɗan tashi, dannawa nace ba gurzawa ba, masu gurza ta kullum su ne fatarsu ke ƙarewa cikin ɗan lokaci. Idan ta baje, ka kifa kan sandar akan katako ka yanke abinda ya fito da sabuwar reza. Idan kaurin gefen ya ragu ya dawo wajen milimita 1, kar ka tsaya lallashi, canza ta, don daga nan zobe ne zai fara shan dukan kuma shi yafi wahalar gyara.

Canzawar kuma ba wani abu bane mai wuya, haƙuri kawai take so. Ka yanke tsohuwar da reza dab da zobe, ka kankare ragowar gam da fata har fuskar ta zama shafaffiya tas, ka kiyaye kar ka zagaye bakin zoben. Ka ɗauki sabuwar fata wadda ta ɗan fi zoben faɗi, ka shimfiɗa sanfefa akan gilashi ko tayil, ka goga bayan fatar a kai har ƙyallin ya tafi. Ka ɗora ta haka ba gam ka ɗaga wajen haske, idan kaga haske yana ratsawa tsakani toh bata zauna ba, ka koma kankara, wannan ɗan gibin shine "tik" ɗin da zai dame ka gobe. Idan ta zauna sai ka ɗiga supa gulu, mai kaurin nan yafi mai ruwa-ruwa saboda fata tana shanye mai ruwa kafin ya kama, ka daidaita ta a tsakiya ka danna da babban yatsa kamar minti ɗaya, sannan ka kifa sandar kan yana ƙasa ka barta ta huta. Ka naɗe zoben da salatif kafin ka saka gam don kar ya ɓata shi. Bayan ya bushe ka yanke gefe da reza kaɗan kaɗan kana juyawa, ka fitar da tudun da sanfefa kana shafawa daga tsakiya zuwa gefe, ƙasa kawai, kar ka dawo da ita sama don tana ɗaga zaren fatar. A ƙarshe ka ɗan jiƙa yatsa ka shafa a gefen fatar, ka murza da guntun fata ko bayan kwali har yayi ƙyalli, wannan murzar ita ke hana ta saurin bajewa.

Wace fata zaka saya? Elk Master mai laushi ce, ƙararta a ƙasa take, tana riƙe alli amma tana saurin bajewa. Le Pro da Triangle sun fi ta tauri, ƙararsu tafi fitowa kuma sun fi daɗewa da siffarsu. Akwai masu hawa-hawa irin Kamui da Moori na Japan, fatar alade ce aka jera siriri-siriri aka manne, na faɗi wannan ne don wanda zai so ya sani kafin ya saya. Sannan akwai kai mai tauri wanda ba fata bane ma, na fasa ƙwallaye a farkon wasa, ƙararsa kamar me, kuma ba'a wasa da shi sai wannan fasawar ta farko. Ni dai matsakaiciya nake ba mutum shawara, musamman sandar da hannu da yawa ke taɓawa. Abinda bana so ko kaɗan shine hular robar nan da ake cusawa a kan sanda da fatarta a manne, ko mai ɗaurin sukuru. Na san suna da sauƙi wa mai tebur, amma ƙararsu a fanko take, kuma yaron da ya koyi wasa da su bai taɓa jin bugu na gaskiya ba.

Alli ma ka kula. Allin sinuka ba irin na allon makaranta bane, tun 1897 William Spinks da William Hoskins suka yi rajistar haɗin da ake bi, garin yashi ne mai laushi da wani abu mai kaushi don ya ciji ƙwallo. Shafa shi ake yi a fuskar fata kamar ana share ta, ba a cusa sanda cikin ramin ana murzawa ba, hakan zobe kawai yake ci ya bar tsakiyar fata ba alli. Wanda raminsa yayi zurfi ko ya sha damshi a yar da shi.

Idan fata lafiya take amma "tik" bata tafi ba, ka kama zoben da yatsu ka murɗa. Ko motsi kaɗan kaji, shine. Ka duba jikinsa kuma ko akwai siririn layi da alli ya shige ya zama shuɗi, tsagewa ce. Zoben da ya kwance ana iya zare shi a share a mayar da gam mai ƙarfi irin mai haɗi biyu ɗin nan, wanda ya tsage kuwa sai sabo, gara ka kai wa mai injin gurza katako ya yi maka a miƙe.

Sai mahaɗa, ga mai sanda biyu-haɗe. Ka kwance, ka goge fuskokin biyu da busasshen ƙyalle, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana su haɗuwa, ka ɗaure tam da hannu. Da yawan zirr ɗin da mutane ke kuka da shi iyakarsa kenan, sanda ta ɗan kwance ana tsakiyar wasa. Ana yawan cewa mahaɗar ƙarfe tana bada bugu mai tauri, ta katako da katako kuma mai laushi, akwai gaskiya a ciki amma bambancin bai kai na fata ba ko kusa. Daga nan ka cire robar gindi ka leƙa, a sandunan ful da yawa akwai ƙusar nauyi a ciki, idan ta kwance ka ɗaure ta da sukudireba, ita ce mai kacar-kacar ɗin da kaji a gwajin farko. Robar kanta idan ta faɗi ka nemi wata, sanda marar roba tafi amo kuma gindinta yana saurin tsagewa.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙamas, katako yana tsukewa, zobe ya samu wurin motsi, fata ta bushe tayi tauri, sandar da take "ƙwal" da damina sai kaji ta koma "ƙas". Da damina kuma katako ya sha damshi, jikinta ya dinga kama hannu. Kar a jingina sanda da bango a karkace ta kwana, kar a barta a rana ko a but ɗin mota ko dab da rufin kwano, a tsayar da ita a miƙe a ma'ajiyarta ko a saka a jaka. Idan tana kama hannu ka goge da ƙyalle mai ɗan damshi kaɗan ka bi da busasshe nan take, kar ka bi ta da sanfefa kullum, kana rage mata kauri ne kuma siririyar sanda tafi rawa.

Idan duk ka bi waɗannan amma har yanzu baka jin daɗin bugun, saura gwaji ɗaya. Ka miƙa wa wanda ka san ya fi ka hannu ya buga, kai kuma ka koma gefe ka saurara. Idan a hannunsa "ƙwal" take yi, toh gyaran a wajenka yake ɗan uwa, kuma yawanci abu uku ne, kana damƙe gindin da ƙarfi a lokacin bugu, ko hannun gaba yana motsi, ko kana tsayar da sanda da zarar ta taɓa ƙwallo maimakon ka barta ta wuce gaba da kanta. Ka koma gwajin nan na fara da kushin ka dinga yinsa kafin kowane wasa.

Ga mai niyyar sayen tasa kuma, kar ka biya sai ka buga da ita, da alli, akan tebur. Ka yi ƙwanƙwasar, ka mirgina, ka yi bugun tsakiya, ka yi na ƙasa. Idan ka haɗu da baƙaƙen nan na kabon, irin Revo da kamfanin Predator ya fitar a 2016 da waɗanda suka biyo bayanta, ƙararsu daban ce da ta katako don cikinsu ba katako bane, ba alamar lalacewa bace, kuma basu damu da hunturu ko damina ba, sai dai tsada. Sabuwar fata kuma, ko wadda ta zo da sanda ko wadda ka saka da kanka, kar ka yanke mata hukunci a ranar farko, sai ta sha bugu na 'yan kwanaki take zama, ƙarar ta ɗan ƙara tauri gefen ya ɗan fito, a lokacin ne zaka sake bin gefen da reza ka murza shi sannan ka maimaita gwajin tsakiya.